Laraba a Daura: darasin gutsure shida

Yau aji biyu na ƙaramar sakandare ke da darasin tarihi, ɗalibai 60, darasi biyu a haɗe, minti 80. Maudu'in Bayajidda ne da rijiyar Kusugu. Matsalar tana wajen "banza bakwai": Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da Yarbawa. A ajin akwai Banufiya ɗaya da Yarbawa uku, kuma duk shekarar da aka karanta wannan jeri ba tare da bayani ba, kafin a tashi tara an laƙa wa wani suna.

Wa'azi kaɗai ba ya hana wannan. Yaro zai karanto maka aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana jifan juna da sunayen banza, ya fita ya kira ɗan Fulani "ɗan daji". Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya nuna cewa cuɗanya ba ta rage ƙyama sai an cika sharuɗɗa huɗu: matsayi ɗaya, buri ɗaya, aikin haɗin gwiwa, da goyon bayan hukuma. Zama a benci ɗaya bai cika ko guda ba.

Shi ya sa aka bi tsarin da wani masanin, Elliot Aronson, ya fara a 1971 a birnin Ostin na Amurka. An yanka darasin gida shida, kowane a takarda rabin shafi. Ɗalibai suka kasu rukuni goma, shida shida. Malami ne ke raba su tun daren jiya daga rajista. In aka bar yara su zaɓa, 'yan unguwa ɗaya za su dunƙule, baƙi su ware. Kowa ya karanta gutsurensa minti 10. Sai masu gutsure iri ɗaya su haɗu, amma mutum goma sun yi yawa, sai a raba su biyar biyar, su yi minti 20 suna shirya yadda za su koyar. Daga nan kowa ya koma rukuninsa da minti 5 na bayani, jimla 30. Minti 10 na gwaji ne, kowa da takardarsa, tambayoyi daga duk gutsuren shida. Sauran lokacin jan benci ya cinye.

Gwajin nan shi ne ƙashin bayan abin. Wanda ya yi wa Bayarabe dariya saboda karyewar harshensa ya rasa kashi ɗaya cikin shida na makinsa. A rukuni na huɗu wani ya fara kwaikwayon muryar abokinsa, na kusa da shi ya ce, "Kai, bari ya gama, mu za a tambaya." Ba sai da malami ya tsawata ba.

Inda aka yi tuntuɓe: a rukuni biyu mai kaifin kai ya tattara takardun kowa ya karanta shi kaɗai. Maganinsa, takarda ta zauna a aljihu lokacin bayani. Yarinyar da iyayenta suka yi gudun hijira daga wajen Batsari karatunta bai nuna ba, ta yi shiru, kuma shirun nan yana ƙarfafa abin da ake faɗa a kanta. Irinta a ba ta gutsurenta tun jiya, mafi gajarta. Kada kuma a sa gasa tsakanin rukunoni, kada a tsayar da ɗan Ibo ɗaya a ce ya faɗi yadda "mutanensu" suke.

Gutsure na shida a kan kalmar "banza" yake: laƙabi ne na labarin kafuwar sarautu, ba awon darajar mutane ba. Nan aka kawo wasan barkwanci, Katsinawa da Nufawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. Ƙa'idarsa, kowa na da damar ramawa kuma duka biyun suna dariya. In ɗaya ya sunkuyar da kai, ya tashi daga wasa.

Rukunonin nan za su zauna haka mako shida kafin a sake gauraya su. Gobe sai a gyara gutsure na uku, ya fi sauran tsawo.