Minshari da sugan asuba

Ciwon suga ne ya kai ni asibiti. Ina shan magani, na rage tuwo, na bar lemon kwalba, amma duk asuba idan na soki yatsa sai lambar ta haura 126, iyakar da ake cewa mutum yana da ciwon idan bai ci komai ba. Likita ya dubi kaurin wuyana ya tambayi uwargida yadda nake barci. Ta ce, "Likita, minsharin Malam har zaure ake ji, kuma yakan yi shiru kamar ya tafi, sai ya zabura." Nan aka tura ni gwajin barci.

Abin da ke faruwa shi ne maƙogwaro yana rufewa cikin barci, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye. Idan hakan ya kai sau 30 a awa ɗaya, ciwon ɗaukewar numfashin ya yi tsanani, kuma nawa a nan ya faɗa. Duk ɗaukewa iskar oksijin na raguwa a jini, jiki ya firgita ya saki sinadaran tashin hankali, hanta ta zubo suga, insulin kuma, sinadarin da ke rage suga a jini, ya kasa aikinsa sosai.

Wani ɗan'uwana da ke karatun likita a Shika ya ƙara min wani bayani. A cikin ƙwayoyin jiki akwai furotin masu riƙe lokaci: CLOCK da BMAL1 su tayar da PER da CRY, waɗannan su taru su danne na farkon, a zagayo cikin kusan awa 24. Binciken wannan agogo a jikin ƙananan ƙudaje ne ya sa Jeffrey Hall, Michael Rosbash da Michael Young suka sami kyautar Nobel a 2017. Hanta tana da nata agogon, haka ma ƙwayoyin da ke samar da insulin. A 2010 masu bincike a Amurka sun cire BMAL1 daga waɗannan ƙwayoyin a jikin ɓeraye, ɓerayen suka kamu da suga. Furotin da ke tashi idan oksijin ya yi ƙasa kuma yana hulɗa da BMAL1, wato shaƙewar dare tana taɓa agogon kansa.

Aka rubuta min na'urar CPAP, mai hura iska ta takunkumin hanci don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Tsada gare ta, ga hunturun Zariya mai busar da hanci, sai da na riƙa cika tankin ruwanta mai sa wa iskar danshi. Babbar matsalar ita ce wuta. Idan aka ɗauke da tsakar dare na'urar ta tsaya, da safe lambar sai ta koma gidan jiya. Likita ya ce barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, lokacin ne tsokar maƙogwaro ta fi saki, shaƙewar ta fi tsawo. Don haka sa takunkumi daga isha zuwa ƙarfe biyu rabin aiki ne. Na sayi batir da sola, a ganina sun fi wata sabuwar waya amfani.

Na kuma dawo da tuwon dare zuwa bayan magariba, tunda jiki ya fi iya sarrafa suga da safe fiye da dare. Maganin suga ban daina ba, likita bai yarda ba. Gyangyaɗin da nake yi a shago bayan azahar dai ya tafi, lambar asuba kuma ta sauko.