Kafin ku turo mini kuɗin Kindle

Zuwa ga 'yan'uwa na Agege, Idi-Araba da Mile 12. Assalamu alaikum. Ya gida, ya kasuwa, ya fama da cunkoson hanya? Mu nan Manchesta sai godiya, sanyi ne dai bai san sabo ba.

Tun da aka ji zan zo gida hutun Babbar Sallah, mutum uku suka aiko mini da saƙo iri ɗaya: in taho musu da na'urar karanta littattafai. Ƙanena, 'yar kawuna, har da limamin unguwarmu. Na san akwai wasu masu irin wannan niyya, shi ya sa na ce bari in amsa a fili.

Na'urar tana da daɗin aiki, ban musa ba. Fuskarta kamar takarda take, ko da rana tsaka kana layin BRT rubutun raɗau yake. Caji ɗaya ya kai ka makonni, wanda ya san halin wutar Legas kuwa ba sai an yi masa bayani ba. Amma duk wanda ya ce in saya masa, sai na fara tambayarsa: littattafan da kake karantawa, a ina kake samo su?

Manyan biyu su ne Kindle ta Amazon, wadda ta fito a 2007, da Kobo ta kamfanin Rakuten. Kowace da shagonta, kuma yawancin littattafan da ka saya a shagon Amazon a kulle suke, sai a na'urarta ko manhajarta suke buɗuwa. A Fabrairun 2025 ma Amazon ta janye damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don ka ajiye abinka. Ga kuma biya da kuɗin waje, wanda katin naira ba kullum yake yarda ba.

To, ke 'yar kawu, littattafan Hausa kike karantawa. Wasu a Wattpad, wasu a ArewaBooks, wasu kuma ki tura wa marubuciya kuɗi ta sa ki a zaurenta na WhatsApp. Babu ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji da ke hawa Kindle ko Kobo. In na kawo miki, kwana biyu za ki jefa ta ƙarƙashin katifa ki koma wa wayarki. In lallai kina son fuskar da ba ta wahalar da ido, akwai Boox, mai aiki da Android, ana sa mata manhaja kamar waya, sai dai kuɗinta ya fi. Kuma duk littafin da aka ba ki a fayil, ki yi masa ajiya ta biyu. Kin dai tuna OkadaBooks, da marubutanmu da yawa suka yi kasuwa a kai. Shekara goma ta yi, a ƙarshen Nuwamban 2023 ta rufe.

Allah gafarta Malam, naka ya fi ba ni tunani. Littattafan fiƙihu da hadisi da ake yaɗawa yawancinsu PDF ne, hoton shafin aka ɗauka, ba rubutun da na'ura ke iya sake jerawa ba. A fuska mai inci 6, Larabcin da sharhin gefe sai su koma kamar jerin tururuwa, in ka ƙara girma kuma ka yi ta jan shafi dama da hagu. Mai inci 10 ce ta dace da kai, ko babbar tablet.

Ƙanena ne kaɗai zan saya wa ba tare da shakka ba, don shi littattafan Turanci yake ci kamar tuwo. Shafin intanet na Project Gutenberg na da tsofaffin littattafai fiye da 70,000 kyauta. Kobo na buɗe EPUB, wato nau'in fayil ɗin littafi, kai tsaye, Kindle ma tun 2022 tana karɓarsa ta Send to Kindle, hanyar Amazon ta tura fayil zuwa na'urar. In ya sa littafin Hausa ya ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito a karkace, kada ya tayar da hankali, ya canza salon haruffa kawai.

Ba lallai ku jira ni ba ma, ana samun tokumbo a Computer Village da ke Ikeja. Sai dai kada ka biya sai ka haɗa ta da intanet a gaban mai shago, ka yi rajista da sunanka ta karɓa, domin wadda aka ba da rahoton an sace ta Amazon na toshe ta. Ka buɗe farin shafi ka duba ko akwai layi ko tabo, don fuskar nan in ta fashe gyaranta ya kusa kuɗin sayen wata na'urar.

Ku gaishe mini da su Hajiya da yara. A tanadar mini burodin Agege mai zafi, da shi zan fara karyawa in Allah ya kawo ni.

Naku,
ɗan'uwanku a Ingila