Gadar jirgin ƙasa a kan kogin Zambezi

Da sassafe muka bar garin Livingstone na ƙasar Zambiya a tasi, muka nufi kan iyakarta da Zimbabuwe. Tun kafin mu isa ake jin rugugin ruwan Victoria Falls, inda kogin Zambezi ke zubowa daga kan dutse, feshinsa ya turnuƙe sama kamar hayaƙin gobarar daji. Jami'an shige da fice suka ba mu 'yar takardar hawa gada, muka taka da ƙafa, muna ratsa layin manyan motoci da masu kekuna niƙi-niƙi da buhuna.

Da na kai tsakiya na leƙa ƙasa, sai da gwiwoyina suka yi sanyi. Mita 128 ne tsakanina da ruwa, kogin Zambezi yana ta tafasa a matse tsakanin baƙaƙen duwatsu. Na riƙe ƙarfen gefe gam, a jiƙe yake sharkaf.

Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakar nan mai burin shimfiɗa layin dogo daga Cape a Afirka ta Kudu zuwa Alƙahira, shi ya so a gina ta daidai inda feshin ruwa zai riƙa sauka a kan taragai. Bai gan ta ba, ya mutu a 1902.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka haɗa ta. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, baka guda ce ta ƙarfe mai tsawon mita 156 ke ɗauke da komai. A Darlington ta Ingila aka ƙera ƙarafan, aka kawo su ta teku zuwa Beira a Mozambik, jirgin ƙasa ya ƙaraso da su. Sai da aka fara miƙa igiyar ƙarfe a kan kwazazzabon ana tsallakar da kaya, sannan aka soma gini daga gaɓa biyu, kowane ɓari yana miƙewa cikin iska, igiyoyi na riƙe da shi daga baya. Da suka haɗu, zafin rana ya sa ƙarfe ya miƙe, bakunan suka ƙi dacewa. Da sanyin asuba na 1 ga Afrilu, 1905, ƙarfen ya tsuke, suka zauna daram. Sunan injiniya George Hobson, wanda ya tsara ta, ake ambata, amma ina tsaye ina tuna ɗaruruwan leburori 'yan Afirka da suka yi dakon ƙarafan nan a bakin wannan rami. Hakkinsu ne a tuna da su.

Rabin gadar Zambiya ce, rabi Zimbabuwe. Shi ya sa a watan Agustan 1975 aka tsayar da tarago a tsakiyarta domin taron sulhu kan yaƙin neman 'yancin Rodeshiya (tsohon sunan Zimbabuwe), Ian Smith, shugaban gwamnatin Turawa tsiraru, ya zauna a ɓangaren Rodeshiya, shugabannin 'yan kishin ƙasa a ɓangaren Zambiya, shugaban Zambiya Kenneth Kaunda da firaministan Afirka ta Kudu John Vorster suna shiga tsakani. Aka tashi baram-baram, yaƙi ya ci gaba har ƙarshen 1979.