Na'urar maganaɗisu da ledar magungunan Hajiya

Ranar farko da aka shigar da ni ɗakin na'urar TMS, wadda ke jinyar ciwon damuwa da maganaɗisu, a wani asibiti a Ingila inda na je ƙaro karatu kan jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa, na zaci zan ga wani abin tsoro. Sai na tarar da kujera irin ta likitan haƙori, da wani ƙarfe mai siffar lamba 8 a maƙale a gefenta. Mara lafiyar, wani dattijo, ya zauna da kayansa na gida, aka miƙa masa abin toshe kunne. Babu allurar barci, babu ƙarin ruwa. Nas ɗin da ke koya mini ta ɗora ƙarfen a kansa ta hagu, ta ce in zuba wa hannunsa na dama ido. Ƙas! Sai ga babban yatsansa ya motsa da kansa. Dattijon ya yi dariya, ni kuwa ban san sanda na ce "Ikon Allah" a fili ba.

Motsin yatsan nan shi ne ma'auni. Da shi ake gane ƙarfin da ya dace da ƙwaƙwalwar mutum, sannan a matsar da ƙarfen gaba, saman goshi ta hagu, wurin da aikinsa kan yi sanyi idan ciwon damuwa ya yi tsanani. Maganaɗisun yana ratsa ƙoƙon kai ba tare da yanka ba, ya tayar da ɗan lantarki a ciki wanda ke zaburar da jijiyoyin wurin. Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna hakan a birnin Sheffield na Ingila a 1985, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi don ciwon damuwa a 2008. A tsarin farko zama ɗaya kan ci minti 37, kwana biyar a mako, har mako huɗu zuwa shida, na'urar tana ta ƙara kamar keken ɗinki a kunnen mutum. A 2018 aka amince da tsarin minti uku, bayan wani bincike a Kanada ya nuna bai gaza dogon ba. Abin da masu jinya suka fi kuka da shi ciwon kai ne da zafin fatar kai. Jijjiga irin ta farfaɗiya kan faru amma da wuya ƙwarai, kuma ba a yi wa mai ƙarfe a cikin kai.

Na dawo gida kaina a kumbure. Duk wanda na gani magani ya ƙi yi masa aiki sai in ce a raina, da ma muna da na'urar nan.

Wata Hajiya ce ta sauke mini wannan zumuɗi. Ɗanta ya kawo ta da takarda daga wani ƙaramin asibiti, an rubuta cewa ciwonta ya gagari magani. Ta daina zuwa biki da suna, ta daina shiga kicin, asubar fari take farkawa ta zauna tana hawaye. An yi ruƙiyya, an yi rubutu. Ɗan ya zazzage baƙar leda a kan teburina, magani kala huɗu, kowane kwali da sauran fiye da rabi.

Na ɗaga ɗaya na ce, "Hajiya, wannan kwana nawa kika yi kina sha?"

Ta ce, "Wajen kwana goma, ɗan nan. Ban ji komai ba sai bushewar baki."

"Wannan fa?"

Ɗan ya amsa: "Shi mai kemis ne ya ba mu. Da muka ga yana sa ta barci da rana muka ajiye."

A littafi, ba a cewa ciwon damuwa ya yi taurin kai sai an gwada magani iri biyu, kowanne a cikakken ƙarfinsa, na tsawon mako shida ko kusa da haka. Na haddace wannan don jarrabawa, amma sai a gaban ledar nan na fahimce shi. Hajiya ba ta taɓa gama gwajin magani ko ɗaya ba. Maganin damuwa ba kamar na zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a ji sauƙi a kwana uku. Illarsa ke riga amfaninsa zuwa, kuma idan babu wanda ya zauna ya gaya wa iyali haka, to za su ajiye shi, kuma ban ga laifinsu ba.

Ba ina cewa babu ciwon da ke gagarar ƙwaya ba ne. Akwai. Babban binciken STAR*D na Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai maganin farko ya warkar sarai. Sauran sai an canza, ko a ƙara wani kamar litiyam, ko a haɗa da zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam. Ketamin, wanda likitocin tiyatarmu suka daɗe suna sa barci da shi, idan aka ba da shi kaɗan ta jijiya yakan ɗage damuwa cikin sa'o'i, sai dai sauƙin ba ya daɗewa, kuma yana da haɗarin zama jaraba. Nau'insa na fesawa a hanci ya samu amincewa a Amurka a 2019, kuma dole mutum ya zauna awa biyu a asibiti bayan an fesa.

Sai kuma wanda kowa ke gudu, ECT, da mutanenmu ke cewa jona wa mutum lantarki. Tun 1938 likitoci biyu, Cerletti da Bini, suka fara shi a birnin Rum na Italiya, kuma mummunan sunan da ya yi a zamanin da ake yin sa ido biyu har yau yana bin sa. Yanzu da allurar barci da ta sassauta tsoka ake yi. Yana taɓa tunanin abubuwan da suka faru kusa da lokacin jinya, wannan ba a ɓoye wa iyali. Amma mutumin da ya daina ci da sha, ko yake neman hallaka kansa, ECT ya fi TMS ƙarfi da sauri nesa ba kusa ba. Da ɗan uwana ne a wannan hali, shi zan sa wa hannu.

TMS kuwa ta wanda ke iya tafiya da ƙafarsa ce, ya zo sau talatin. Nakan lissafa kuɗin motar mai zuwa daga ƙauye sau talatin, da wutar da ba za ta ɗauke ba, sai in ga ko an kawo mana na'urar gobe, kaɗan ne daga masu zama a bencinmu za ta ɗauka.

Likita ya sa aka auna jinin Hajiya don duba ƙwayar maƙoshi da ke haddasa maƙoƙo, domin idan ta yi sanyi takan kawo kasala mai kama da damuwa. Ya tambayi ɗan ko ta taɓa yin kwanaki tana zumuɗi da surutu ba barci, ya ce a'a. Aka tsayar da ita a kan magani ɗaya, ana ƙara ƙarfinsa a hankali. Ni aikina shi ne kiran ɗan duk ranar Litinin in tambaya ko ta sha. A mako na bakwai suka dawo, ta zauna tana yi mini ƙorafin bushewar baki har yanzu. Tana magana tana ɗaga hannu, sai na ga lalle a yatsunta.