Kashe silinda a injin tirela: abin da na fahimta bayan asarar da na yi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar sufurin kaya, kuma a yau ina da tirela huɗu da ke ɗaukar masara da waken soya da riɗi daga kasuwar Dawanau a Kano zuwa Ibadan da Legas. Duk wanda ke cikin wannan harka ya san gas ne ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin kowace tafiya. Tun a 2022, lokacin da lita ta tashi daga wajen naira 300 ta haura naira 700 cikin 'yan watanni, na ajiye wa kowace mota littafinta, ina rubuta gas ɗin da aka zuba mata da nauyin da ta ɗauka da kwanakin da ta yi a hanya. Da matatar Ɗangote ta fara sayar da gas a 2024 an ɗan samu sauƙi, amma farashin bai koma inda muka baro shi ba.

Littafin ne ya nuna mini inda kuɗina ke zurarewa. Idan mota ta nufi kudu da tan talatin, injinta mai silinda shida, wato ramukan da ake ƙona gas a cikinsu, yana aiki da dukkan ƙarfinsa, musamman tsakanin Mokwa da Jebba zuwa Ilori, kuma ba na jin zafin gas ɗin da ya sha a nan domin ya yi aikinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne dawowa ba kaya, da kwanakin da mota ke yi a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas inji yana kunne, direba yana matsawa taku kaɗan kaɗan, silinda shida duk suna motsi a kan aikin da uku za su iya.

Masu ƙera injuna sun daɗe da lura da wannan. Dabarar da suka fito da ita ita ce kwamfutar injin ta kashe wasu silinda idan nauyi ya yi sauƙi, ta kuma tashe su nan take idan direba ya taka totur. Kamfanin Cadillac na Amurka ya gwada ta a motocin fetur tun 1981, amma kwamfutar wancan zamani ba ta da saurin da ake buƙata, sai aka yi watsi da ita, ba ta dawo da ƙarfi ba sai bayan shekara ashirin da wani abu. A manyan motoci kuwa, kamfanin Jacobs, wanda ya fito da birkin inji a 1961, yana cikin waɗanda suka fi aiki a kanta, kuma Cummins, kamfanin ƙera injuna na Amurka, ya saye shi a 2022. A 2021 Cummins da kamfanin Tula sun sanar da sakamakon gwajin da suka yi a X15, injin tirela na Cummins, inda a yanayin aiki mara nauyi gubar hayaƙi da ake kira NOx ta ragu da kashi 74 cikin ɗari, iskar kabon kuma, wadda ita ce ma'aunin gas ɗin da aka ƙona, ta ragu da kashi 5.

Ina roƙon abokan sana'a su dubi wannan kashi 5 da kyau, domin mutane da yawa na ɗauka cewa kashe rabin silinda yana nufin rage rabin gas. Injin gas da ma yana rage wa kowace silinda abin da yake fesa mata idan ba nauyi, saboda haka silinda ukun da suka rage dole su karɓi ƙari don su ja motar. Babban amfanin yana cikin zafin hayaƙi. Sababbin motocin Turai da Amurka suna da na'urar tace hayaƙi a salansa, wadda ke aiki da AdBlue, wani ruwa da ake fesawa cikin hayaƙi don rage gubarsa, kuma ba ta yin aiki sosai sai zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Celsius. Idan mota tana tsaye ko tana tafiya ba kaya hayaƙin yana hucewa, sai kwamfuta ta ƙona ƙarin gas don kawai ta ɗumama na'urar. Da an kashe silinda uku, iska mai sanyi da ke ratsa injin ta ragu, hayaƙin ya riƙe zafinsa, wancan ƙarin gas ɗin kuma ya tsira.

Ban san wannan ba sai da na yi asara. Wani bakanike da nake kai wa gyara ya ba ni shawarar cewa a duk dawowar da mota za ta yi ba kaya, direba ya cire wayar nozul biyu masu fesa wa silinda gas, wai abin da Turawa ke yi ke nan. Na amince, na sa aka gwada a DAF ɗina 'yar Beljiyam. Direbana Malam, wanda ya girme ni kuma ya fi shekara ashirin yana tuƙi, ya kira ni daga Mokwa ya ce: “Alhaji, motar nan ba ta da lafiya, sitiyari yana kaɗa mini hannu, madubi ma ba na ganin komai a cikinsa.” Na ce ya mayar da wayoyin, amma da suka iso Kano muka tarar robobin da injin ke zaune a kai sun tsage, bututun salansa ya fashe daga wuyansa, gas ɗin da littafi ya nuna kuma bai bambanta da na sauran tafiye-tafiye ba.

Daga baya na zauna da wani injiniya ya zana mini dalilin a takarda. A tsarin gaskiya ba gas kaɗai ake tsayarwa ba, ana rufe bawul na shigar iska da na fitar hayaƙi gaba ɗaya, sai iskar da ta maƙale a ciki ta zama kamar sifirin, fistin ya danne ta idan zai hau, ita kuma ta turo shi idan zai sauka, ta mayar da mafi yawan ƙarfin da aka kashe. Mu kuwa mun bar bawul suna buɗewa, injin yana wahalar zuƙar iska yana fitarwa a banza. Ya kuma nuna mini cewa injin silinda shida yana tashi ne a jerin 1-5-3-6-2-4, don haka idan aka kashe uku na gaba ko uku na baya bugun da ya rage yana zuwa a kan tazara ɗaya, amma cire biyu yana sa shi ɗingishi, kuma wannan ɗingishin ne ya kaɗa motar har ya yi ɓarna.

Ra'ayina a yau shi ne fasahar tana da kyau, amma ribarta gare mu ba za ta kai ta masu motoci a Amurka ba, domin yawancin tirelolin da ke hanyoyinmu tsofaffi ne, waɗanda suka zo da na'urar tace hayaƙi kuma sau da yawa an cire musu ita saboda gas mai yawan sulfa da wahalar samun AdBlue a hanya. Idan sabuwar mota mai wannan tsari ta shigo kasuwa zan tambayi mai sayarwa ko akwai bakanike a Kano da ke da kwamfutar duba ta, kafin in tambayi farashi. Kafin lokacin na ƙara layi ɗaya a littafin kowace mota na awannin da inji ya yi a kunne tana tsaye, na kuma ƙulla yarjejeniya da wasu 'yan kasuwar Singa biyu domin motocina su riƙa dawowa daga Legas da kayansu.