Yadda na gyara shokin gaban babur ɗina a Agege

Babur ɗina Suzuki V-Strom 650 ne, na hannu, na saye shi a nan Legas don zuwa gida Kontagora lokacin Sallah. Injin bai taɓa ba ni matsala ba. Gaban ne ya hana ni sakat. Duk sa'adda danfo ya yanko mini a titin Ikorodu na damƙe birki, sai kan babur ya nutse ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa. In na faɗa rami da kaya a baya kuwa, sai in ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, ƙarar har cikin haƙorana.

Na fara kai shi wurin wani bakanike a Mushin. Ya ce man cikin shokin ne ya tsinke, ya zubar, ya ɗura baƙin man inji mai kauri. Nutsewar ta ɗan ragu, amma babur ya koma kamar ice, kowane ɗan tsakuwa sai na ji shi a wuyan hannuna. Bayan mako uku mai ya fara tsatsafowa ta robar da ke tare shi, yana gangarowa wajen faifan birki. Nan hankalina ya tashi, don mai a kan birki ba abin wasa ba ne.

Kawuna da ke Agege, wanda ya shekara talatin yana gyaran babura, shi ya zaunar da ni. Bai taɓa sufana ba sai da ya ɗauko tef ɗin awo. Muka ɗaga tayar gaba sama ya auna tsawon bututun shokin da ke waje, sannan ya sauke, ya ce in hau da hular kwano da jakunkunan tafiya, ya sake aunawa. Shokin wannan babur milimita 150 yake iya tafiya gaba ɗaya. Nauyina da na babur da kaya kawai ya cinye 70, tun ban motsa ba.

"Ka gani, ɗana? Kashi ɗaya cikin uku ya kamata ka ci, wajen 45 zuwa 50. Sifirin da ke cikin shokin ne ke ɗaukar nauyi. Mai aikinsa rage saurin motsi. Ka zuba mai kamar kunu, sifirin da ya gaji ba zai warke ba."

Na ce, "Kawu, to ina mafita?" Ya ce a sayo sifirin daidai nauyina.

Na yi odar guda biyu daga Amurka, masu ƙarfin kilo 0.90 a kowace milimita, da sabbin robobi, da man shoki na ainihi mai lambar kauri 10W. Kuɗin ya yi mini zafi, jiran ma haka.

Ranar aikin na ga abin da ya bambanta gwani da mai kame-kame. Kawu ya sassauta murfin sama tun bututun yana ɗaure a jikin babur, don in an cire shi babu abin riƙewa. Da muka wanke ciki da kananzir, abin da ya fito baƙi ne mai wari. Sai ya bi bututun da farce a hankali, ya tsaya a kan wasu ƙananan ɗigon tsatsa. Iskar teku da ruwan Legas ne suka ci ƙarfen, kuma wannan kaifin ne ke yanka roba. Ya goge su da yashin goge ƙarfe mafi laushi. Da ba don farcen nan ba, da sabbin robobin ma sun bi sahun tsofaffin.

Man kuma bai auna shi da kwalba ba. Ya zuba, ya yi ta turawa yana jawowa har kumfa ya daina fitowa, sannan ya danne bututun ƙasa ba sifirin a ciki, ya auna daga baki zuwa saman mai, ya zuƙe rarar da sirinji har ɓangarorin biyu suka zo daidai. Abin tokare sifirin daga bututun ruwa na roba muka yanko shi. Yankan farko ya yi tsawo, na biyu ya ba mu nutsewar milimita 48.

Asabar ɗin da ta biyo na kama hanyar Ibadan bayan sallar asuba, na wuce Ogbomosho har Ilorin. Birki yanzu yana kamawa babur na tsaye a kan ƙafafunsa, taya na bin ƙasa a lanƙwasa ba ta tsalle, hannuna bai yi tsami ba. Sai dai da gaban ya daidaita na fara jin bayan yana lilo a kan kowane tudu. Na kira Kawu daga gidan mai na gaya masa, ya ce in kawo shi ranar Lahadi, in zo da jakunkunan.