Ajin Laraba da abin da ya raba ni da cibiyar makafi

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, kuma tunda abokan aiki suna ta kira suna tambayar dalili, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba albashi ne ya kore ni ba, ko da yake kun san halin da yake ciki. Ajin kiɗa da waƙa na ranar Laraba ne.

Waɗanda suka zo bayana ba su san yadda ajin ya faro ba. Yawancin mutanen da ake kawo mana ba da makanta aka haife su ba. Magidanta ne da matan aure, waɗanda hawan jinin ido, ko ciwon suga, ko yanar da aka kai wa masu cirewa na gargajiya ta tafi da ganinsu da girmansu. Binciken ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna makafi sun haura miliyan ɗaya a cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kuma mafi yawansu da an yi wani abu da wuri da ba su kai ga haka ba. Mutum ya san wannan, ya zauna yana taunarsa dare da rana. Wanda ko haske ba ya gani barcinsa ma rikicewa yake yi, domin haske ne ke saita wa jiki dare da rana. Tsarinmu ya tanadi rubutun makafi da farar sanda da sana'ar hannu, duk masu kyau. Amma wanda ya ƙi fitowa daga ɗaki, ya daina amsa sallama, ta yaya za ka ɗora yatsansa a kan ɗigo shida na rubutun makafi ka ce ya karanta?

Jinya da kiɗa ba ni na ƙirƙiro ta ba. A asibitocin sojojin Amurka ta yi ƙarfi lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma tun 1944 jami'ar jihar Michigan ta fara ba da digiri a kanta. Abin da na yi shi ne neman hanyar da za ta shiga wurin mutanenmu, kuma ba ta shiga da sauƙi ba. Ka miƙa wa dattijo kalangu, zai ture ya ce shi ba maroƙi ba ne. Wani kuma ya ce malaminsa ya hana. Saboda haka maza da ƙasidu da bege muka fara, murya da tafi kawai. Mata kuwa ƙwarya muka kifa a kan ruwa a cikin babban baho, kamar yadda ake yi a gidan biki.

Akwai wani Baba, tsohon direban tirela, wanda ya yi shekaru yana bin hanyar Kano zuwa Legas. 'Ya'yansa suka kawo shi suka tafi. Kullum a kujerar ƙarshe yake zama, fuska ga bango, bai taɓa buɗe baki ba. Wata Laraba na ji wani ƙas-ƙas yana bin tafinmu daidai, na waiwaya, ashe zoben azurfar hannunsa yake bugawa a jikin kujerar ƙarfe. Ban ce masa komai ba. Da wannan bugun muka koya masa sanda. Kun san ƙa'idar: sanda ta taɓa hagu, ƙafar dama ta tako, sanda ta taɓa dama, ƙafar hagu ta tako. Da baki ya kasa riƙewa, yana ta harɗewa yana jin haushi. Da muka riƙa yi masa tafi a baranda yana takawa a kai, jikinsa ya ɗauka kafin kansa. Daga baya shi kaɗai yake zuwa masallaci da asuba, har yana tada na ɗakinsu. A ɓangaren mata kuma akwai wadda mijinta ya sake ta bayan idonta ya rufe. Ranar da ta karɓe jan waƙa daga bakina, sauran suna amshi, ita ce ranar da na fara jin dariyarta.

Da farko shugaban cibiya raina abin ya yi. Ya ce min a gaban mutane, "Malama, mu muna so mu raba su da bara, ke kina koya musu waƙa?" Na fahimci tsoronsa, domin kowa ya san makafi masu rera baitocin Aliyu Namangi a bakin kasuwa da ƙofar gida. Amma Namangi kansa makaho ne, malami, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa saboda waɗannan baitocin. Waƙa ba ita ke kai mutum bara ba, rashin abin yi da rashin mai tsaya masa ne. Na yi masa bayani, ya ce in yi ta yi, amma ko sisi ba zai fitar ba.

Sai wasu baƙi masu ba da tallafi suka zo ranar nakasassu ta duniya, 3 ga Disamba, suka ji sautin ƙwarya daga bayan ofis, suka nemi a kai su. Suka ji daɗi, suka ɗauki hotuna. Daga ranar ajin ya tashi daga hannuna. Aka sa masa suna ƙungiyar mawaƙan cibiya. Aka jera mutane aka ce kowa ya rera a ji, aka tsince masu zaƙin murya, aka ɗinka musu anko, sauran aka ce su koma ɗaki. Baba direba muryarsa a dishe take, bai shiga ba. Ya tare ni a baranda ya ce, "'Yata, ashe dama gwada mu ake yi?" Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai liƙi ne. Duk baƙon da ya zo sai a fito da su tsakar rana su rera, manyan mutane su taso suna manna musu kuɗi a goshi. Mai ido yana ganin hannu na zuwa. Makaho sai dai ya ji an taɓa masa fuska ba sallama, ya zabura, waƙar ta yanke a bakinsa, 'yan kallo su yi tafi. Kuɗin kuma a tattare a wuce da su ofis.

Na sami shugaban cibiya na ce, "Ranka ya daɗe, wannan jinya ce, kuma waɗanda aka cire su ne suka fi buƙatarta." Ya ce jinya ba ta sayen man janareta. Na tuna masa cewa dokar hana wariya ga nakasassu da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta fito da su bainar jama'a don neman sadaka. Washegari na tarar da takardar tuhuma a kan teburina, wai rashin ladabi ga na gaba. A rahoton ƙarshen shekara kuwa an rubuta cewa shi ya kawo shirin. Sunana ba ya ciki, kuma ba zan ce bai yi min ciwo ba. Amma da an bar ajin yadda yake, kowa da kowa a ciki, da na haɗiye wannan na zauna.

Ga wanda zai ɗauki aikin bayana, kada ka yarda da zancen cewa kowane makaho gwanin waƙa ne. Waɗanda suka rasa gani tun suna ƙanana kan fi mu tantance sauti, amma wanda ya makance da furfura kunnensa irin naka ne, kuma ba gwaninta ake nema ba. Faɗi sunanka duk lokacin da ka shigo, ka faɗa in za ka fita. Kada ka canza wa kujeru wuri. Rage ƙarar lasifika, domin da kunne suke gane inda ƙofa take. Duk abin da ka fara, rubuta shi da kwanan wata da sa hannu tun ranar farko, ka ajiye kwafi a gida.

Ƙoren da bahon da mandiri biyu da kuɗina na saya, ba sa cikin lissafin kayan cibiya. Na bar su a ɗakin kwanan mata, a hannun wadda take jan waƙa. Ita da Baba direba sun ce za su ci gaba da haɗa mutane ranar Laraba bayan la'asar, lokacin an tashi daga ofis, kuma duk wanda ya zo za a ba shi wuri.